Shaidar da na ɓoye

A ƙasar Arewa ta Nijar, daga Matankari har Tibiri, rikicin gona yana da lokacinsa. Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, mutane suka fita sassabe, sai ƙofar maigari ta cika. Wannan ya ce maƙwabci ya ture iyaka, wancan ya ce gonar da ubansa ya ba da aro an hana shi. Takarda ba ta da yawa a irin wannan shari'a, tsofaffin da suka san asalin magana kuma kullum raguwa suke yi. In shaida ta ƙare sai a koma ga Alƙur'ani: a yi alwala, a ɗora hannu, wanda ya rantse ya tafi da gona. Na taɓa shirya irin wannan rantsuwa a bazarar 2001, aka tabbatar wa gidanmu gonar wani tsoho, alhali na san tasa ce. Da sunan kishin addini na yi abin, kuma na daɗe ina ganin lada na samu, shi ya sa nake ganin ya kamata in faɗi yadda aka yi.

Sai an san Arewa za a gane yadda hakan ta yiwu. Ƙasar nan ta Dallol Mawri ba ta shiga Musulunci rana ɗaya ba. Gubawa, waɗanda suka fara sare dajin, su ne masu ƙasa: Sarauniya tana Lugu, Baura yana Bagaji, al'amarin ruwa da shuka da iskoki a hannunsu yake. Arawa, da tarihin baka ya ce kakansu daga Barno ya zo, suka riƙe sarauta a Matankari, suka bar wa Gubawa abin da ya shafi ƙasa. Jihadin Shehu Usmanu ya girgiza Gobir da Kabi, amma tutar Gwandu ba ta zauna daram a nan ba. A tsakiyar ƙarni na 19 Samna Karfe na Tibiri ya haɗa kai da Kabawa da Zabarmawan Doso suka yaƙe ta. A watan Afrilun 1899 Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Lugu. Salla ta yaɗu sosai ne daga baya, a zamanin Faransa da bayansa, ta hannun fatake da almajirai da ƴan ci-rani, gida-gida, wani lokaci ɗaki-ɗaki. Har yau za ka iske zuriya ɗaya da liman a cikinta, da ɗan bori, da Kirista wanda ya tashi wurin ƴan mishan a Dogon Dutsi ko Gesheme, suna zuwa sunan juna, suna raka gawar juna.

Kakana baƙo ne a ƙauyenmu. Ya zo da allo da buzu, ba shi da ko taƙi ɗaya na ƙasa, wani Bagube ya yanka masa gona a bakin fadama, ya ce ya ci da iyalinsa. Sharaɗin ɗaya ne, kowa ya san shi a ƙasar nan: in an yi girbi, mai aro ya kai wa mai gona dami. Damin bai taka kara ya karya ba in aka duba abin da gonar ke bayarwa, amma shi ke tuna wa gari kowace kaka wane ne mai ƙasar. A watan Disamban 1974 shugaban ƙasa Saini Kunce ya yi jawabin da ya bar kowace gona a hannun wanda ke noma ta, ko ta wace hanya ta shigo hannunsa. Masu aro da yawa suka ajiye dami daga wannan shekara, kuma rigingimun da suka biyo baya har yanzu ba su ƙare ba. Mahaifina bai ajiye ba. Mutum ne mai salla a kan lokaci, mai azumin Litinin da Alhamis, kuma kowace kaka sai ya zaɓi damin da ya fi cika ido, ya ɗora mini a ka, ya ce in kai gidan ɗan wancan Bagube, wanda ya gaji ubansa. Tsohon kan karɓa, ya sa mini albarka, ya cika mini aljihu da gyaɗa. Na yi wannan aike tun ina ƙaramin ɗan lakwal har na tafi kwaleji.

Mahaifina ya rasu a 1999, shekarar da gwamnan Zamfara Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, ranar 27 ga Oktoba. Sakkwato da Kabi, da muke iyaka da su, suka bi sahu a shekarar 2000. Mu da ke cin kasuwannin Kangiwa da Bacaka, muna dawowa da kaset ɗin wa'azi, abin ya shige mu ƙwarai. Lokacin ina koyarwa a makarantar boko, da dare ina ɗaukar karatu, ina kuma cikin samarin da ke ganin Nijar ta ci baya tunda tsarin mulkinta ya raba gwamnati da addini. A Nuwamban 2000 aka yi zanga-zanga a Yamai da Maraɗi kan bikin nunin tufafi na FIMA. A Maraɗi aka far wa mashaya da coci da gidajen mata masu zaman kansu. Ban je ba, amma ban ji zafin abin a raina ba, wannan ma ina ƙirga shi cikin abin da ke kaina.

Kakar farko bayan rasuwar Baba, ni na hana a kai damin. Hujjata ita ce tsohon zai ɗebi hatsin ya yi wa iskoki hidima da shi, mu shiga cikin zunubin. Na kuma gaya wa ƙannena cewa dama sadaka ce Baba yake yi wa maƙwabci. Na san ba haka ba ne. Babu sadakar da ake ware wa gida ɗaya, lokaci ɗaya a shekara, tun daga kaka har jika, balle ma a wancan zamani tsohon ya fi mu rumbu.

Tsohon ya yi shiru kaka biyu. A bazarar 2001 ya zo da kansa, ya zauna a zaure, ya ce ƴaƴansa sun girma, jikoki sun taso, gandunsa ya kasa ciyar da su. A ba shi rabin gonar, mu riƙe rabi, a ci gaba da dami kamar da can. Ba shi kaɗai ƙasa ta yi wa ƙunci ba. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar, ta 2001 ta sami miliyan 11, gonakin kuwa su ne dai na jiya. Na ce masa gado muka ci, ba mu san wani aro ba. Sai ya kai ƙara wurin maigari.

Haka doka ta tanada. Tun dokar 16 ga Maris 1962 da ta tsara kotunan Nijar, al'adar masu shari'a ake bi a aure da saki da gado da gonakin da ba su da rajista, kuma dokokin da suka maye gurbinta daga baya sun bar wannan a yadda yake. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ce rikicin gona ya fara biyawa ta hannun sarakunan gargajiya, su gwada sulhu, a rubuta abin da aka cimma, kafin a je gaban alƙali. To amma wace al'ada? A mafi yawan Nijar, abin da ake kira al'ada fiƙihun Malikiyya ne da ya gauraya da gadon kakanni, shi ya sa malamai ke zama kusa da alƙali suna ba shi shawara. A Arewa gaurayar ba ta gama haɗuwa ba. A gari ɗaya za ka sami mutum biyu, kowanne da abin da yake tsoron rantsewa da shi. Wanda ya iya zaɓar hanyar da za a bi ranar shari'a ya riga ya ci rabinta. Ni na san wannan, tsohon bai sani ba.

Ya zo da shaidu biyu, sa'o'insa, waɗanda suka ga ana kai damin tun zamanin ubansa. Dukansu ba sa salla, ɗayansu ma sananne ne a wasan bori. Suka faɗi abin da suka sani dalla-dalla, har da gawon da aka yi iyaka da shi. Maigari yana ta gyaɗa kai, na ga magana tana neman kuɓuce mana. Sai babban ɗan tsohon, da zuciya ta ɗebe shi, ya ce in ba mu yarda ba a tafi Tunguma. Tunguma dutse ne a wajen Lugu, wanda mutanen ƙasar nan suka daɗe suna kai wa ƙarar sata da rigimar da ta rasa shaida. Ubansa bai nemi haka ba, ya ma ɗaga hannu yana tsawata masa, amma ni na riga na sami abin da nake nema.

Na miƙe na ce, "Ranka shi daɗe, ka ji da kunnenka. Yau Musulmi za a ja gaban dutse? Kuma waɗannan da ba su san alƙibla ba, su ne za su ba da shaida a kan gadon marayun Musulmi?" Samari suka yi kabbara. Daga nan babu wanda ya ƙara tambayar wa ya sare dajin. Magana ta koma wa ke salla, wa ba ya yi, kuma duk dattijon da ya san gaskiya a wurin ya gane cewa in ya buɗe baki za a ce ya goyi bayan tsafi. Na ga waɗanda suka sunkuyar da kai. Maigari ya dubi liman, liman ya faɗi ƙa'idar da ya karanta: mai ƙara ke kawo shaida, in shaidarsa ba ta karɓu ba, wanda ake ƙara ya rantse.

Kafin a tashi tsohon ya juyo wurina. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, tunda nawa shaidun ba su yi ba, kai na kira. Kai mai salla ne. Wa ke kawo mini dami?" Na ce, "Baba, ni yaro ne lokacin." Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "To, madalla," ya jawo takalmansa.

Ban yarda na rantse da kaina ba, wannan kaɗai ya isa ya nuna na san abin da nake yi. Ƙanen mahaifina na tura. Ya tafi Kumasi tun yana saurayi, bai dawo ba sai da furfura, zancen dami bai san shi ba. Daren da za a wayi gari a rantse na zauna da shi na tsara masa kalmomin: a hannun yayansa ya iske gonar, yayansa kuma a hannun ubansu ya same ta, kuma bai taɓa ganin wani ya noma ta ba. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin maganar, na tace ta sarai don ta fita haka. Ya yi alwala, aka kawo Alƙur'ani bakin gonar, ya rantse hannunsa na rawa. Da yake ni ne ɗan boko a wurin, ni na rubuta takardar sulhun da Faransanci, tsohon ya dangwala yatsa a ƙasan rubutun da ba ya iya karantawa. Bai ɗaukaka ƙara zuwa Dutsi ba. A ƙasar nan in an ɗauki Littafi magana ta mutu, ko wanda ba ya salla ya san haka, yana kuma girmamawa.

Mutanenmu suna cewa Alƙur'ani yana cin mai rantsuwar ƙarya, ana ba da labarin wanda ya makance da wanda gobara ta cinye wa rumbu. Mu babu abin da ya same mu. Gonar ta yi kyau a shekarar, a masallaci ana nuna ni ana cewa ga wanda ya tsaya wa addini. Da wani abu ya same ni da wuri, wataƙila da na farka da wuri. Lafiyar da na samu ita ta ba ni damar ci gaba da gaya wa kaina cewa Allah ya yarda. Sai dai na daina bin hanyar ƙofar gidan tsohon, kuma in aka taɓo zancen aro a hira sai in ji na tsargu. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Yunwar 2005 ce ta tona abin. Ƙarancin ruwa da fara sun lalata damanar 2004, kafin bazara tiyar hatsi ta fi ƙarfin talaka. Ƴaƴan tsohon suka watsu Najeriya neman abinci, aka bar shi da mata da ƙananan yara. Na lura hatsi yana raguwa a rumbunmu fiye da cinmu, har na fara zargin ƙannena, sai wani dare na iske Inna da ƙwarya a lulluɓe za ta fita. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika haɗa ido da ni ba. Ran nan ta dube ni. Ta ce, "Hatsinsu nake mayar musu. Kai ɗan nan, ko bakinka ya manta damin nan, wuyanka bai manta ba. Mahaifinku karatunsa bai kai naka ba, amma bai taɓa cin ƙasar wani ba." Ta ratse ni ta wuce.

Ban gyara nan take ba, kuma a nan laifin ya ninku. Na tsaya neman mafita a cikin littattafai har tsohon ya rasu ban je na durƙusa gabansa ba. Bayan rasuwarsa na je wurin wani dattijon malami a Dutsi, wanda ya yi shekara da shekaru yana karantar da Risala, na kwashe labarin na gaya masa, ina fatan ya samo mini ƙofa. Na fara da hauzi, ƙa'idar Malikiyya da ta ce in mutum ya riƙe ƙasa shekara 10, mai ita yana nan yana gani bai yi magana ba, da'awarsa ta faɗi. Ya ce hauzi ba ya aiki a kan abin da ya shigo hannu ta aro, kuma wanda ake kai wa dami kowace shekara ba a cewa ya yi shiru. Na ce, "Allah gafarta Malam, ai an sharɗanta Musulunci da adalci ga mai ba da shaida." Ya ce haka ne, ba zai ɓoye mini ba. "Amma Musulmin shaida yana wurin, an kira shi baki da baki, ya ƙi." Iƙirarina kaɗai, in ji shi, ya isa ya yanke magana, aƙalla a kan rabona. Na kawo zancen kalmomin da na tace. Ya ce rantsuwar shari'a tana tafiya ne a kan abin da aka nemi a rantse a kai, dabarar harshe ba ta kuɓutar da kowa. Ƙanen mahaifina ya rantse a kan abin da ya ɗauka gaskiya ne, nauyin yana wuyan wanda ya sani ya tura shi. Hukuncin maigari ko na alƙali kuma ba ya mayar da haram halal.

Sannan ya tuna mini da abin da na sha karantawa ban taɓa auna kaina da shi ba. A cikin Suratun Nisa'i akwai ayoyin da malaman tafsiri suka ce sun sauka a kan wani mutumin Madina da ya saci sulke, ya jefa laifin a kan Bayahude, danginsa suka taru suna kare shi saboda nasu ne. Wahayi ya wanke Bayahuden. "To kai," in ji Malam, "a wane ɓangare ka tsaya a labarin nan?"

Ban fito daga wannan da ra'ayin a kori addini daga shari'a ba, kuma ina ganin masu wannan ra'ayi ba su san ƙasar da suke magana a kanta ba. Tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, wanda aka yi aiki da shi har 2023, ya raba gwamnati da addini, amma shi ɗin dai ya ce shugaban ƙasa ya rantse da littafin addininsa. A ƙauyen da babu takarda, babu taswira, jandarma ma sai an yi doguwar tafiya, tsoron Allah ne ke riƙe iyakar gona. Shi ya sa mahaifina ya ci gaba da kai dami bayan Kunce ya sauke masa shi. Addinin da ya hana shi cin gonar, shi na ɗauka na ci ta da shi, a gida ɗaya, a kan ƙasa ɗaya. Shi ya ɗora hukuncin a kan kansa, inda zai rage masa hatsi. Ni na ɗora shi a kan abokin shari'ata, inda zai ƙara mini.

Tun daga nan, in na ji an kawo addini cikin rigimar jama'a, na kan fara tambayar kaina: in aka bi wannan fatawa, wa zai yi asara, mai kawo ta ko wanda aka kawo ta a kansa? Na yi wannan tambaya a kan kundin dokar iyali, wanda ƙungiyoyin addini suka hana fitowarsa a 1994, suka sake hana shi a 2011. Ina cikin masu adawa da shi, har yau ina da abin faɗa a kan wasu sassansa. Amma na san mazajen da muka yi ta ɗaga murya tare cewa ba mu son dokar Nasara a gadonmu, waɗanda ranar rabon gandu suka ce wa ƴan'uwansu mata al'ada ba ta ba mace ƙasa, alhali ayar gado ta ba ta. Sun bi shari'a inda ta ba su, sun koma al'ada inda za ta karɓa daga hannunsu. Na sake yin tambayar a Janairun 2015, da aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Faransa. Zanen ya ƙona mini rai kamar kowane Musulmi. Sai dai waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada ba su zana komai ba, maƙwabta ne, wasunsu ƴan Arewa ne da muka yi lakwal tare. Na gane salon, domin na yi amfani da shi: a ɗauki fushin da ke da dalili a sauke shi a kan wanda ba shi da mai tsaya masa, duk wanda ya ce a'a kuma a ce imaninsa ne da rauni. Da shi na rufe bakin dattawan garinmu.

Mayar da gonar ya fi cin ta wuya. Da ƙanen mahaifina na fara, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Da na gama faɗa masa ya yi shiru, can ya ce, "Kai yaro, ka sa na ɗauki Littafin Allah a kan abin da ka sani ban sani ba." Ya yafe mini kafin ya rasu, amma bai ƙara bari na ja shi salla ba. Ƙannena suka yarda a mayar. Ƴaƴan ƙanen mahaifina suka ƙi, suka ce in na yi haka na shaida wa duniya ubansu ya yi rantsuwar ƙarya. Suna da hujjar jin zafi, ni na jawo musu.

Babban ɗan tsohon, wanda ya ambaci Tunguma, shi ne maigida yanzu. Ƴaƴansa duk suna salla, kamar yawancin matasan Arewa, shi ma ya fara daga baya. Ya gaya mini, ba da faɗa ba, cewa shekaru bayan shari'ar duk lokacin da ya ji kiran salla gonar ke faɗo masa a rai, kuma wannan ne ya jinkirta shi. Ban sami abin ce masa ba. Na kawo zancen biyan amfanin shekarun da muka ci bayan an daina kai dami, ya ƙi karɓa. Sharaɗi ɗaya ya kafa: "Ƙanena, inda ka ɗaura, can za ka kwance." Aka tara mutane, na tsaya na ce gonar ta aro ce, ni na riƙa kai damin da kaina, shaidun nan biyu gaskiya suka faɗa, ƙanen mahaifina bai san komai ba, ni na tsara masa kalmomin. Ɗaya daga cikin shaidun yana raye, a amalanke aka kawo shi don ya ji. Kwamitin ƙasa na gari, wanda muke ce wa kofo, ya rubuta cewa gonar tasu ce. Suka bar mana rabi a matsayin aro, da yarjejeniya a rubuce da dami a cikinta, wato abin da ubansu ya nema tun farko. Rabin na bar wa ƙannena da ƴaƴan ƙanen mahaifina, ban riƙe komai a ciki ba.

Saura yanki ɗaya ta gefen fadama, wanda na sayar a shekarun da gonar ke hannunmu na yi kuɗin gini. Mai sayen ya haƙa rijiya, ya dasa mangwaro, yana noman rani, kuma da gaskiyarsa ya saya, bisa takardar da na rubuta da hannuna. Masu gonar da kansu suka ce kada a tayar da shi. Dattawa suka yi wa yankin kuɗi bisa farashin yau, ina biya kaɗan-kaɗan bayan kowace kaka, har yanzu ban kai rabi ba. Ƴaƴan ƙanen mahaifina suna noma rabonsu, amma ba su dawo da gaisuwa tsakaninmu ba tukuna.